Ranar Hutun Ganga

Zangon Kumasi, 9 ga Sha'aban 1339

Daga Jibirin ɗan Mamudu mai kalangu, zuwa ga taubashinsa Is'haƙa a Wudil.

Yau shekara goma sha ɗaya da wata huɗu rabona da ƙofar gidanmu, kuma sai yanzu wani ya tuna akwai takarda da tawada a Wudil. Duk da haka, gaisuwa mai yawa da aminci. Ina lafiya, in ban da ƙafar hagu da ke kumbura duk damina, damina kuwa a ƙasar Tonawa, mutanen Kumasi, ba ta san ranar tafiya ba. Ka gaishe mini da Inna Mamunatu, ka ce mata ɗanta yana cin abinci.

Allah ya jiƙan Baba. Na riga na ji rasuwar a bakin wani ɗan ayari tun kafin takardarka ta zo. Ka ce in taho in ɗauki kalangunsa, mahautan Wudil ba su da mai yi musu kiɗa. Ba zan iya tahowa yanzu ba, ga dalili.

Ka san da ayarin goro na zo, ina yi wa fatake kiɗa a hanya. Da ayari ya watse sai na zauna ina kiɗa a mayanka. Wata safiya, shekara shida ke nan, wani tsoho baƙi wuluk, mutumin ƙasar Hindu ta can kudu, ya tsaya nesa da mu ya toshe hanci da gefen mayafi. Sunansa Kandasami, mutanen Zango suna ce masa Baba Kanda. Ma'aikacin reluwe ne, shi ke kula da sikeli a tasha. Fata yake nema ta gyaran gangarsa, amma shi ba ya cin nama, ba ya taɓa ɗanyar fata. Ni na jeme masa, na kai masa gida. Can na ga gangar.

Miridangam suke ce mata. Kututture ne mai baki biyu, ba a rataya ta, ba a matse ta a hamata. Zama ake yi a ƙasa, a kwantar da ita a gaba, a buga da yatsu da tafin hannu. Sanda ba ta taɓa ta. A bakin dama akwai wani baƙin tabo mai faɗin bakin ludayi, da dafaffiyar shinkafa da garin dutse ake yinsa, shi ke sa ta ƙara kamar an taɓa tasa. Ya buga mini kaɗan. Is'haƙa, ni da aka haifa a gindin kalangu na kasa gane inda zai sauka, sai ga shi ya sauka daidai inda ya taso. Washegari na koma, da guntun Tonanci da Turancin tasha, na ce ya koya mini.

Da na san abin da na roƙa! A wurinsu ɗalibi a gidan malami yake zama. Ni ke shara, ni ke ɗebo ruwa, ni ke wanke masa zannuwa, ga furfura a gemuna. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa gangar ba. Da baki ake fara kiɗan, ta-ka-di-mi, ta-ki-ta, kana tafa cinya kana ƙirga da yatsu, har matan maƙwabta suka ce iska ta taɓa ni. Sai shekara guda a kan guntun katako. Kuma har yau ba ni da izinin bugawa a gaban mutane. Sai ranar da shi da kansa ya tara jama'a, ya zaunar da ni, ya tafa mini awon kiɗan da hannunsa. Wanda ya tafi kafin wannan rana, kamar bai taɓa zuwa ba ne, ko sunan malaminsa ba shi da ikon ambata.

Ba zan zalunce shi ba. Bai taɓa karɓar ko kobo a hannuna ba. Da na ce ba zan kai goshina ƙafarsa ba kamar yadda ɗalibansu ke yi, ya ce durƙuso irin namu ya isa. In ladan ya kira salla muna tsakiyar darasi, shi ke nuna mini buta. Amma yabo? Shekara shida, sau ɗaya ya gyaɗa kai, shi ma ina zaton ƙuda ya kora. Wallahi ni da bawa babu bambanci, sai dai shi bawa ana iya fansarsa.

Ya ce idan idinsu ya zo, nan da wata shida, zai duba. Ku ba ni zuwa lokacin. Wassalam.

Wudil, 20 ga Zulhajji 1339

Daga Is'haƙa zuwa ga Jibirin, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Muna lafiya. Inna Mamunatu idonta na dama ya yi yana, amma tana gane mutane. An yi Salla lafiya, ruwa ya zauna, gero ya yi kai.

Takardarka ta yi wata biyu a jakar mai kawowa. Ka san karatuna bai kai rubutunka mai gudu ba, sai na kai wa liman, ya karanta a zaure, mutane cike. Da ya zo wurin bawa da fansa, Inna da ke bayan zana ta saki kuka, sai da aka riƙe ta.

Haba Jibirin! Ɗan Kawu Mamudu yana wanke zanen wani ƙato? Ko Nasara ya hana bauta, kai ka tafi Gwanja ka kai kanka? Me ka ci nasa? Ka faɗi gaskiya, ba yau aka fara jinginar da kai a baƙon gari ba.

Kuma wace irin ganga ce wannan? Na ce wa liman ya duba ko ka rubuta wa take kira, ya duba sama da ƙasa bai gani ba. Ba ta kiran sarkin fawa, ba ta cewa an yanka sa mai kitse, ba ta zuga ɗan dambe. To me take faɗa? Ta-ka-di-mi? Mahauta sun ɗauka. In na shiga kara sayen shanu sai su ce, “Ta-ka-di-mi, ina labarin taubashi?”

Sallar bana Rafi'u na ƙetaren kogi aka aro ya yi musu kiɗa. Sarkin fawa ya ce don darajar Kawu zai jira zuwa babbar Salla mai zuwa. In ba ka zo ba, kiɗan ya bar gidanku ke nan, bayan kaka da kakan kaka.

Dangi sun haɗa abin da ya sawwaƙa, Inna ta sayar da tasoshinta uku na aure. Mun damƙa wa Kimba madugu, zai zo Kumasi sarin goro, zai fanso ka. Mun kuma ba shi sandar kiɗan Kawu, wadda ya gada, don in ka gan ta zuciyarka ta tuna gida. Ka dawo da ita a hannunka. Wassalam.

Zangon Kumasi, 15 ga Safar 1340

Is'haƙa, gaisuwa, don da ita ake farawa. Lafiyata ƙalau, in wannan ce ake kira lafiya. Allah ya ba Inna sauƙin ido.

Wa na rubuta wa takarda, kai ko zauren liman? Mutum ya gaji, ya yi wa taubashinsa ƙorafi kamar yadda muka saba a gindin rimi, sai ka kai a yi shela? Yanzu ka zauna ka ji abin da fansarku ta yi.

Idin nan nasu kwana goma ne. Ranar tara kowa yana hutar da kayan sana'arsa, tela ya ajiye almakashi, makaɗi ya ajiye ganga. Baba Kanda ya goge tasa, ya kwantar da ita a kan farin zane, ya ɗora mata furanni. Babu mai taɓa ta sai gari ya waye. Ranar goma ita ce ranar ɗalibai, kuma ita ce ya sa mini. Ya riga ya gayyato 'yan ƙasarsu da ke Kumasi, su biyar ne duka. Shekara shida, Is'haƙa, saura kwana ɗaya.

Ranar taran da hantsi na tafi kasuwa sayen ayaba da kwakwa, don ɗalibi da su yake zuwa a faranti. A bayana Kimba ya iso, da dattawan Zango biyu, Malam Seidu da Baba Sulemana. Da takalma suka shiga har ɗaki. Malam Seidu ne ya yi tafinta da Tonanci, shi ya ba ni labari, yana rantsuwa bai san abin zai kai haka ba.

Kimba ya dire jaka a gaban tsohon ya ce, “Ka gaya masa mun zo fansar ɗan'uwanmu. Ya faɗi kuɗinsa.”

Tsoho ya ce, “Wane ne bawa a nan?”

Kimba ya ce, “Mai sharar.”

Tsoho ya yi dariya, ya zaci wasa ne, har ya tashi zai kawo musu ruwa. Sai idon Kimba ya faɗa kan gangar da furanninta. Ya ce, “Au, wannan ce gimbiyar? A kan wannan kututturen aka riƙe mana mutum shekara shida? Bari in ji muryarta.” Ya sa hannu a riga ya zaro sandar Baba, ya taka farin zanen, ya ɗirka mata a tsakiyar baƙin tabon, irin bugun ranar kasuwar Wudil. Sau uku. A na ukun Malam Seidu ya riƙe masa hannu.

Na shigo da faranti a ka. Baƙin ya dare kamar laka a busasshen tafki, ɓari guda yana ƙasa. Dutsen da tsohon ya taho da shi daga ƙasarsu tun bara ya ƙare, wannan shafin shi ne na ƙarshe. Da hannuna na niƙa masa, na sani.

Kimba ya riga ya faɗa wa tsohon abin da liman ya karanta a zaure, amma bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, “Jibiri, kai ka rubuta kai bawana ne?”

Da na so, da na ɗora wa liman, in ce karatunsa ne ya karkace. Na ce, “Ni na rubuta.”

Ya je bayan ƙofa ya ɗauki tsintsiya, ya soke ta a saman rufi inda hannu ba ya kaiwa. Ya ce, “Daga yau kada ka yi shara. Kada ka ɗebo ruwa. Ni ba ni da bawa.”

Da Malam Seidu ya fassara, sai Kimba ya tafa hannu ya ce, “Alhamdu lillahi! Ka ga ko kobo bai karɓa ba!” Ka gane kuwa? A gidan nan wanda ba ya shara ba a koya masa. Kora ce aka yi mini, madugunku yana yi mini barka.

Ban mari Kimba ba. Saƙonku ya kawo, kuma a garinmu wanda ya ga ganga ya buga bai yi laifi ba. Laifin kashi uku ne, ɗaya na hannunsa, ɗaya na bakinka, ɗaya na alƙalamina, kuma nawa ya fi girma. Amma kada ka sake aiko mini da taimako.

Jakar tana hannunsa, a fanso wa Inna tasoshinta. Sandar tana wurina, na naɗe ta a tsumma, ba na son ganinta. A zauren Malam Seidu nake kwana. Wassalam.

Wudil, 2 ga Jimada Awwal 1340

Jibirin, gaisuwa da ban haƙuri, in za ka karɓa.

Muna lafiya, sai sanyi. Matata Balki ta sauka, an samu mace. Wannan karon da kaina na karanta takardarka, kwana uku ina haɗa baƙi, ban kai wa kowa ba.

Kai ka rubuta bawa, ba ni ba. Mu a nan in mutum ya ce fansa, fansa muka sani. Kimba ya dawo yana yawo da labari, wai gangar da sanda uku ke kashewa ba ganga ba ce. Na ce masa ya yi shiru, ba don na gane ba, sai don darajarka. Ni dai a nawa ganin, tunda an sauke maka tsintsiya, me kake jira? Rafi'u har ya ba da ɗinkin sabuwar riga.

Na karanta wa Inna a ɗakinta, mu biyu. Na zaci za ta ce ka kamo hanya. Sai ta ce in rubuta maka wannan, kuma ta sa na maimaita mata don kada in rage:

“Ubanka shekara tara yana bin Makaɗa Tanko da 'yar gangar kuntuku kafin ya miƙa masa kalangu. Da aurena a cikin shekarun, ni ke daka wa gidan Tanko fura. Ya yi ƙorafi, a kunnena ya yi, ban kai zaure ba. An fasa wa tsoho ganga da sandar gidanmu. Kada ka tako Wudil sai ta yi magana.”

Wannan na zauren da ni take, na ji. Ban yarda da sauran ba, amma na rubuta.

Tasoshi biyu aka samo, ta ukun an riga an kai Kano. Ka kula da sandar Kawu. Sarkin fawa ya ce ranar da ka zo ita zai fara tambaya. Wassalam.

Zangon Kumasi, 6 ga Shawwal 1340

Is'haƙa, gaisuwa, da barka da shan ruwa. Allah ya raya jaririya. Ƙafar ta kumbura, damina ta dawo. Ka durƙusa a gaban Inna a madadina.

Na yi abin da ta ce. Safiya goma sha ɗaya ina zuwa ƙofar Baba Kanda ina gaisuwa, ba ya amsawa. Ta goma sha biyu na tarar da gangar a barandar gida, da ɓarin baƙin nan a gefenta. Shi yana tasha. Na gane, ni ya bar wa gyaran.

Sai neman dutse. Na gwada marmarar unguwar Ayigya, sautin ya fito kamar an bugi buhun gero. Na gwada tamar da maƙeran Zango suka ba ni, ta dare kafin ta bushe. Wata tsohuwa mai sayar da dokunu, tuwon masarar Tonawa, ita ce ta ga ɓarin a hannuna, ta ce akwai irinsa a dajin Oforikrom, inda mutanen da suka narka ƙarfe suka bar kashinsa. Can na samo. Kwana bakwai ina niƙa, na tace da gefen rawani, na kwaɓa da shinkafa. Shafi ake yi siriri, a goge da dutse mai santsi har ya bushe, a sake wani, ya fi sau arba'in. In na gama sai in bar ta a baranda.

Sau huɗu ina dawowa in tarar ya kankare aikin tas. Ba magana, ba nuni. Aikin kwana goma sha biyar! A na huɗun na tsaya a titi na zage shi da Hausa, har da kakanninsa, sannan na zauna na sake kwaɓi. Kuma gaskiya, da na tuna, duka huɗun da saura.

A na biyar, tun daga bakin lungu na ji ta. Tana ƙara kamar tasa. Na tsaya. Ya fito da tsintsiya a hannu, ya miƙo mini ya ce, “Tsakar gida ta yi datti.” Ko sannu babu. Na karɓa, na yi shara, kada ka tambaye ni abin da ya same ni a ido.

Reluwe ta sallame shi saboda tsufa, jirgin ruwansa zai tashi daga Sekondi ƙarshen watan nan. Don haka bai jira idinsu ba. Shekaranjiya da hantsi ya tara mutanensa biyar. Malam Seidu da Baba Sulemana ma sun zo, tun daga titi suka tuɓe takalma. Wani tela daga cikin biyar ɗin ya yi waƙa, tsoho ya zauna a gabana yana tafa awo, ni ina bugu. A wurin sauka na yi gaggawa da bugun yatsa ɗaya. Ya ɗago ido. Na zagayo, na sauka daidai. Bai ce madalla ba, ba zai mutu da wannan kalma a bakinsa ba. Amma ya miƙe ya ambaci sunan malamin malaminsa, da na malaminsa, da nasa, sannan ya ce, “Jibiri.”

Saura guda. A al'adarsu, ranar rabuwa malami yana faɗin abin da yake so, ɗalibi ya bayar. Na tanadi turmin zane. Sai ya ce, “Sandar.”

Na ce, “Baba, ta ubana ce. Ita za a fara tambayata a gida.”

Ya ce, “Ubanka ne malaminka na farko. Duk shekara, ranar hutun ganga, zan kwantar da ita kusa da gangata. Ita ma ta yi aiki.”

Na kwance tsumman na ba shi. Har yanzu ina jin haushi, kuma da zai sake tambaya da na sake bayarwa. Gangar ma da ita zai tafi, ta malaminsa ce, ban sa rai ba.

Don haka ka gaya wa sarkin fawa tun yanzu, kada ya ji a bakin Kimba. Sanda ba ta zuwa, hannu yana zuwa. In sanda yake nema, Rafi'u ya sa sabuwar rigarsa, ba zan yi jayayya ba. In hannu ne, ka sauko da kalangun Baba, ka shafa wa tsirkiyoyin mai. Shekara bakwai ban matse shi ba, zan buƙaci kwanaki kafin Salla, kuma ban yi alkawarin ba za su yi mini dariya ba. Zan raka tsoho Sekondi, in ɗora masa kaya, daga can in kamo hanya.

Inna za ta tambayi abin da na tara a shekara goma sha biyu da wata shida. Ka faɗa mata a ɗakinta, kada ka ƙara, kada ka rage. Awon kiɗa bakwai da darasi ɗari da goma sha huɗu, duk a ka. Dutsen guga ɗaya. Garin baƙi a gwangwani, na shafi biyu. Riga biyu, ɗaya da faci. Turmin zane ɗaya, nata ne. Kuɗin jirgin ruwa zuwa Ikko, da na ƙasa har Zariya, sauran da ƙafa. Ganga babu. Sanda babu. Izini ɗaya.

Jibirin